Dutsen Auta

SHAFI NA 19

Masu cewa Babba ya cika zafin rai, ku karanta wannan tukuna.

*

Babu komai a gwangwanin.

Babba ya girgiza shi kusa da kunnensa. Shiru. Ya cire murfin ya leƙa. Sai wani mataccen ƙwaro a ƙasa.

Sati na biyar ke nan.

Shekara huɗu gwangwanin nan yana rataye a ƙusa, gefen baƙin allon da ya shafa da hannunsa a bangon sito. Dokar makarantarsu ce, makaranta mai malami ɗaya da ɗaliba ɗaya. Duk abin da ya ɗaure wa ƙanwarsa Auta kai cikin sati, ta rubuta a guntun takarda ta jefa. Ranar Asabar da safe ya buɗe, su zauna su bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai satin da sai ya danna takardun da yatsa kafin murfin ya rufu. Me ya sa kaza ba ta fitsari? Ina iska take zuwa idan ta tsaya? Wa ya fara ƙirga kwanaki?

Yanzu ko ɗaya babu.

"Auta!"

"Na'am, Yaya!"

Ta fito daga ɗakin kaji rungume da kwando, gashin kaza maƙale a ɗankwalinta. Shekararta goma sha ɗaya, amma bakinta ya fi haka.

"Ƙwai nawa?"

"Arba'in da uku. Ɗaya ya fashe, baƙar nan ce ta taka shi, muguwa."

"In an jera a kiret mai cin talatin?"

"Kiret ɗaya, saura sha uku. Yaya, yau fa babu karatu. Gidan tarihi za mu."

"Na sani. Wannan fa?"

Ya ɗaga gwangwanin. Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙwai kamar yau ta fara ganinsu.

"Ba ni da tambaya."

"Ke?"

"Na gane komai."

"Kin gane komai. Madalla. To daga gobe ke za ki riƙe alli, ni in zauna a benci."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta wuce da sauri.

Daga can bakin garke Umma ta ɗago kai daga tatsar akuya.

"Babba, ka ƙyale yarinyar nan ta shirya. Kai ma je ka sauya riga, warin bunsuru kake. Kada ka je ka kunyata ƙaninka a wurin aikinsa."

Wurin aikinsa.

Ya mayar da gwangwanin kan ƙusa.

Shekara biyu ce tsakaninsa da ƙaninsa Ƙarami. Shekarar da Babba ya gama sakandare Abba ya faɗo daga rufin sito, bayansa ya samu matsala. Dole wani ya riƙe gona. Ba wanda ya roƙe shi. Ya ajiye takardar sakamakonsa a ƙasan akwati, ya ɗauki fartanya. Lokacin da Ƙarami ya gama tasa, gona ta riga ta samu mai ita. Sai ya wuce jami'a. Yanzu yana aiki a gidan tarihi a birni, da kati rataye a wuya. Umma ta kafa hotonsa a falo, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara gani.

Auta kuwa Abba ne ya cire ta daga makaranta tana shekara bakwai. Tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa, ga rafi da damina, ga shi shekara biyu tana zuwa ba ta iya haɗa baƙi ba. Babba ya karɓe ta. Cikin wata uku ta fara karanta rubutun jikin buhun taki.

Sati biyu da suka wuce, suna cin abincin rana, Abba ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Ƙarami yana ganin Auta ta koma wurinsa. Ya shirya ta jarrabawar shiga sakandare."

"Ba inda za ta," in ji Babba.

"Za mu duba."

Tun ranar ba a sake tayar da maganar ba. Babba ya ɗauka ta mutu.

*

Shi ya ja motar. Abba a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Umma da Auta a baya.

A aljihun rigarsa akwai takarda. Abubuwa goma da Auta za ta nemo a gidan tarihin, ta zana, ta rubuta bayani. Sati guda yana haɗa ta. Kullum bayan ya shayar da dabbobi sai ya hau kan tankin ruwa, don nan kaɗai waya take kama sabis, ya zauna rana na dukansa yana bincike. Sau uku yana sake kwafe ta don rubutun ya fita tsaf.

Ƙarami yana bakin ƙofa yana jiransu. Farar riga, takalmi na sheƙi.

Mota ba ta gama tsayawa ba Auta ta ɓalle ƙofa.

"Yaya Ƙarami!"

Ta ruga ta faɗa jikinsa. Babba ya kashe mota yana kallonsu ta gilashi. Bai tuna ranar da ta taɓa rugowa wurinsa haka ba. To me zai sa? Wa yake rugawa ya rungumi famfon tsakar gida?

Ƙarami ya durƙusa ya gaida Abba da Umma, sannan ya juyo da hannu a buɗe.

"Shugaban makaranta da kansa! Ɗalibai duk sun iso?"

"Duka ɗayan."

"Kai Yaya, ka yi baƙi."

"Rana ce. Kuna da ita a nan?"

Ƙarami ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Hannun laushi, kamar na mai jego.

Babba ya zaro takardarsa zai miƙa wa Auta. Ƙarami ya riga ta karɓa.

"Mu gani. Kai! Ka yi aiki fa. Sai dai na huɗu da na bakwai an kwashe su ana gyara, na tara kuma ba a nan yake ba, wani gidan tarihin ne." Ya ninke ta huɗu ya zura a aljihun wando. "Bari kawai in zagaya da ku."

Babba ya bi aljihun da kallo.

Auta ko juyowa ba ta yi ba.

*

Ɗakin farko tukwane ne da tsofaffin masaƙai. Sanyi kamar cikin randa. Takalmin Babba yana ƙara a kan tayil, ya riƙa taka ƙasa a hankali.

"Yaya Ƙarami, ya aka yi tukunyar nan ba ta ruɓe ba?"

"Yaya Ƙarami, wa ya haɗa fasassun? Da me aka manne su?"

"Ta yaya kuka san shekarunta, ai ba a rubuta a jiki ba?"

Babba yana baya da hannu a aljihu, yana ƙirgawa. Kafin su fita daga ɗaki na biyu ta yi tambaya goma sha tara.

Wadda ta gane komai.

Ƙarami kuwa ko gezau. Wata ya amsa, wata ya ce, "Wallahi wannan ban sani ba, amma akwai wata ma'aikaciya a saman bene da ta sani, za mu tambaye ta." Yana faɗin haka yana murmushi, kamar rashin sani wani abin ado ne.

Umma sai cewa take, "Ikon Allah. Abban yara, ka ji fa."

Abba yana gyaɗa kai.

Wasu baƙi su biyar suka biyo su suna saurare. Wata mata ta tambayi Umma, "Ɗanki ne?"

"Ɗana ne. Na biyu."

"Allah ya yi albarka. Wancan fa, direbanku?"

"A'a, shi ne babban."

"Ayya, yi haƙuri ɗana."

"Ba komai," in ji Babba.

Suka shiga ɗaki na uku.

Dogon akwatin gilashi ne a tsakiya, da fitilu ƙanana a ciki. An jera duwatsu a kan baƙin ƙyalle. Sumul-sumul, kamar tafin hannu. Gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kaifi.

Babba ya tsaya cak.

Ya san wannan siffar.

Damina da ta wuce, suna bin bayan garma a gonar wake, Auta ta tsinci irinsa. Umma ta ce gatarin aradu ne, a jefar da shi nesa da gida. Babba ya yi dariya, ya ce babu wani abu wai shi gatarin aradu, ruwa ne ya goge dutse shekara da shekaru har ya yi sumul. Ya ɗora shi a teburin karatu yana danne takardu saboda iska.

Asabar ta zagayo, ya buɗe gwangwani: Wa ya yi dutsen nan? Ya ce ruwa.

Wata Asabar: Da gaske ruwa ne? Ya ce da gaske.

Ta uku: In ruwa ne, me ya sa gefe ɗaya kawai ya wasa?

Ranar akuya biyu ba su da lafiya, famfo ya lalace, kansa na ciwo. Kuma bai san amsar ba. Ya buga tebur.

"Na ba ki amsa sau biyu! Kada ki sake jefa min wannan shirmen!"

Bayan kwana kaɗan dutsen ya ɓace daga tebur.

"Waɗannan gatura ne," Ƙarami yake faɗa wa baƙi. "Mutane ne suka yi su da hannu, tun kafin a san ƙarfe. Shekara dubbai. Mutum zai zauna yana goga dutse a kan dutse, sati da sati, har ya fitar da baki. Sannan ya ɗaura shi a ƙota ya sare itace."

Baƙi suka ce, "Kai!"

Babba ya kalli Auta. Ba ta yi mamaki ba. Ko kaɗan. Idonta yana ƙarshen layin, kuma tana ƙoƙarin tsayawa ta yadda za ta kare wurin da jikinta.

Ya matsa.

"Gafara."

"Yaya, mu je ɗakin ƙasusuwa, an ce akwai..."

"Na ce gafara."

Ta matsa.

Na ƙarshe a layin. Ruwan toka. Da ɗan ɓalli a kusurwa inda bakin garma ya dake shi. Ya san nauyinsa a hannu kamar yadda ya san nauyin cokalinsa.

A gabansa sabon kati, fari tas. An rubuta cewa an tsince shi a wata gonar wake. An rubuta cikakken sunan Auta, da shekarunta. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sunan ma'aikacin da ya gano ko mene ne.

Sunan Ƙarami.

"Wannan dutsena ne."

Muryarsa ta daki bango ta dawo. Baƙi suka juyo. Mai gadi da ke kan kujera a bakin ƙofa ya miƙe.

Ƙarami ya ɗaga masa hannu alamar ba komai, ya rage murya.

"Yaya, mu je ofis."

"Dutsen kan teburina ne."

"Na sani. Don Allah mu je ofis."

*

Ofishin ɗan ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujera biyu, fanka tana juyi da ƙyar. Abba ya zauna a ɗaya, Umma a ɗaya. Auta ta lafe a bayan Umma. Babba ya ƙi matsawa daga jikin ƙofa.

"Wa ya kawo shi?"

Shiru.

"Dutse ba ya da ƙafa. Wa ya kawo shi?"

"Ni ne," in ji Abba. "Ranar da na zo ganin likitan baya."

"Kai, Abba?"

"Yarinya ta roƙe ni. Ta ce in kai wa yayanta ya duba."

"Yayanta." Babba ya gyaɗa kai. "Umma, ke ma kin sani?"

Umma ta gyara mayafi.

"Ni dai tsumma na ba su aka naɗe shi. Dama ban so zamansa a gidan ba."

"Kwana uku ina nemansa. Na kwashe buhunan sito kaf. Na tona ramin shara da hannuna. Ke kika ce in duba ƙarƙashin akurki, ko kaji sun tura shi."

"To me kake so in ce maka? Fuskarka a lokacin ko kare ba zai tunkare ta ba."

"Kuna zaune kuna kallona."

"Babba..."

"Ku uku. Kuna shan shayi kuna kallona ina tonon shara."

Ƙarami ya ce, "Yaya, laifina ne. Ni ya kamata in kira ka tun ranar da..."

"Ba da kai nake ba tukuna." Ya karkata kai. "Auta. Fito nan."

Ta fito rabi.

"Me na ce miki game da dutsen nan?"

"Ka ce ruwa ne."

"Shi ne kika ga ƙarya nake."

"Ban ce ƙarya kake ba."

"To me?"

Ta haɗiye yawu.

"Na je rafi, Yaya. Na kwaso duwatsu hamsin na jera a bayan sito. Duk zagaye suke. Babu ko ɗaya mai kaifi. Kai ka ce min kada in yarda da magana sai na duba da idona. Na duba."

Fanka ta ci gaba da juyi.

Abba ya yi gyaran murya, ya kalli silin.

Babba ya gane maganar. Darasinsa ne. Shi ya koya mata, a gindin allo, da duwatsu da gwangwanaye da tsaba. Ta ɗauka ta yi aiki da shi yadda ya kamata, sannan ta kai wa wani sakamakon.

Ƙarami ya jawo durowar tebur.

"Bari in nuna maka wani abu, wataƙila ka huce. Ina takardar nan..."

Yana ɗaga fayil Babba ya hango su. Guntayen takarda, an ɗaure da roba. Faɗin yatsa uku, tsawon yatsa ɗaya. Shi yake yanka su da almakashi duk farkon wata daga ragowar littattafai.

Ya taka biyu ya sa hannu ya ɗauke.

"Yaya, bari..." Ƙarami ya kai hannu.

"Sake min."

Ya cire robar. Sun fi talatin. Rubutun Auta, mai kwanciya hagu, wanda ya yi shekara yana faɗa a kai.

Me ya sa wata yake bin mota?

Kifi yana jin ƙishirwa?

Mutanen da suka yi gatarin, a gonarmu suke kwana?

"Abba ne ɗan aiken?" ya tambaya, idonsa a kan takardun.

"Wasu ni," in ji Abba. "Wasu mai ɗaukar ƙwai."

"Har mai ɗaukar ƙwai ya sani."

Ya ci gaba da buɗewa. Auta ta yi wani ɗan ƙara.

"Yaya, kada ka karanta ta ƙasan."

Ya zaro ta ƙasan.

Me ya sa Yaya Babba yake fushi idan bai san amsa ba?

Ya karanta sau biyu. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Umma ta miƙe ta kama hannun Auta.

"Zo mu sha iska."

Ƙofa ta rufu a bayansu.

Babba ya ɗaga takardar a gaban fuskar ƙaninsa.

"Wannan me ka amsa mata?"

"Na ce ta tambaye ka."

"Ƙarya kake."

"Wallahi."

"Kun yi dariya dai. Kai da abokan aikinka. Ga baƙauyen yayana da ya ce ruwa ne."

"Ba wanda ya gani sai ni. Yaya, ni ma sai da na shiga aji biyu a jami'a na san mene ne dutsen nan. Ba abin kunya ba ne."

"Kada ka lallashe ni. Ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi."

Ƙarami ya sauke numfashi. Ya zaro wasu takardu daga fayil ya shimfiɗa a tebur.

"Ga abin da nake nema. Tambayoyin jarrabawar bara ne. Na aika mata, ta yi su ita kaɗai, Abba yana zaune da agogo. Duba lissafi."

Babba bai so ya duba ba. Ya duba.

Casa'in da biyu.

"Kimiyya tamanin da takwas. Yaran da ke manyan makarantun birnin nan ba sa kawo haka. Ban koya mata ko ɗigo ba, Yaya. Aikinka ne. Duk wanda na nuna wa sai ya ce wane ne malaminta."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Amma ba ka rubuta a katin ba."

Ƙarami ya gyara takardun kan tebur.

"Katin... tsari ne. Wanda ya tsinta da wanda ya tantance kawai ake sawa."

"Tsari ne."

"Yaya, ka saurare ni. Yarinyar nan tana buƙatar ɗakin gwaji. Tana buƙatar laburare, da yara sa'anninta da za ta yi musu da su. Ta kai inda..."

Babba ya matso.

"Ƙarasa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ta kai inda na tsaya. Faɗi mana. Bakinka ai ya saba bayani."

"Ban ce ba."

"Ka faɗa da ido tun a bakin ƙofa."

"Haba Yaya! Komai na yi laifi ne? In na zo gida ka ce na zo nuna takalmi. In ban zo ba ka ce na manta da ku. Ni na ce ka zauna a gona?"

"A'a. Ba ka ce ba. Ba wanda ya ce. Jaka kawai ka ɗauka."

"Kai!" in ji Abba.

Babba bai juya ba.

"Ka tafi jami'a, ban yi magana ba. Na kai ka tasha da kaina. An kafa hotonka a falo, ni na buga ƙusar. Abu ɗaya na yi da hannuna a gidan nan wanda ba kaza ba ne, ba wake ba ne. Ɗaya tak. Shi ma sai ka sa shi a gilashi da sunanka a ƙasa?"

"Auta ba dutse ba ce."

"Kai ka fara mayar da ita."

Abba ya buga sandarsa a ƙasa. Sau ɗaya.

"Ya isa. Kun cika min kunne, taka, tawa. Ba taka ba ce, ba tasa ba ce. 'Yata ce."

"Abba, shekara huɗu..."

"Na sani. Ina gidan. Ina jin muryarka ta taga kullum, har na iya jadawalin lissafin sau tara da tsufana. Ba wanda ya raina abin da ka yi. Amma sati biyar yarinyar nan tana tsoron gwangwani. Ka lura?"

"Na lura."

"Ka tambaye ta dalili?"

"Yau na..."

"Yau."

Babba ya tattara guntayen takardun ya cusa a aljihunsa. Ƙarami bai hana shi ba.

"Gida za mu," ya ce, ya buɗe ƙofa.

*

Rana ta take a filin ajiye motoci. Umma da Auta suna zaune a matattakala, a 'yar inuwar da ta rage. Idon Auta ya yi ja.

Babba ya wuce su ya zaro makulli.

"Auta, tashi. Dabbobi ba su sha ruwa ba."

Ba ta motsa ba.

"Ba ki ji ba?"

Ya ji ƙarar sanda a bayansa. Abba yana saukowa a hankali, Ƙarami na riƙe da gwiwar hannunsa.

"Babba."

"Abba, rana na yi. In za a yi magana a yi a gida."

"Kayanta suna but ɗin mota."

Babba ya juyo.

"Kayan wa?"

"Jakarta. Tufafi da littattafai. Na ce a bari sai mun zo, ka ga wurin da idonka, ka ga takardun. Na ɗauka in ka gani za ka sauko."

Ya kalli bayan motar. Awa biyu ya yi yana tuƙa jakar nan, yana kauce wa ramuka.

Ya dubi Umma.

"Ke kika haɗa mata."

Umma ta girgiza kai. Ta sa bakin mayafi a ido.

"Abba, kai ka sa ta dole."

"Ban sa kowa dole ba."

"To wa..."

"Ni na haɗa."

Auta ce. Ta miƙe tsaye, hannuwanta a dunƙule a gefe.

"Ni na haɗa, Yaya. Ni na sa a but lokacin da kake wanka."

Babba ya dube ta. Ya daɗe. Sannan ya tako ya tsuguna a gabanta, a kan kwalta mai zafi, har fuskarsu ta daidaita. Bai damu da mai gadi da ke leƙowa ba.

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ba ruwa ba ne. Kin ji? Ban sani ba. Tun ranar ban sani ba."

Hawaye ya zubo mata.

"Zan nemo littattafai. Ɗakin gwajin ma za mu haɗa, a sito, akwai wuri. In ban san abu ba zan ce ban sani ba, mu nema tare. Ki rubuta duk abin da kika ga dama, sau goma ma. Ba zan ƙara buga tebur ba."

"Yaya..."

"Shekara ɗaya. Ki ba ni shekara ɗaya kawai."

Ƙarami ya kawar da kai. Umma tana kuka a fili. Abba ya jingina da sandarsa.

Auta ta goge fuska da bayan hannu. Ta kalli ƙofar gidan tarihin. Ta kalli yayanta da ke tsugune. Ta kalli makullin da ya damƙe har jijiyoyin hannunsa sun fito.

Sai ta miƙo hannu, tafin a buɗe.

"Yaya, buɗe min but ɗin."